Smith ɗin ma ai maƙeri ne

Wai kai da ka fi kowa ƙyaƙyata dariya jiya a ƙarƙashin hoton yaron nan don sunan gidansu Maƙeri, ka duba sunan da ka liƙa wa kanka a Facebook kuwa? Smith! Sannu Bature, sannu jikan Sarauniya.

To bari ka ji. Smith maƙeri ne. Mai zuga-zugi da uwar maƙera, mai zama bakin wuta yana dukan jan ƙarfe har tartsatsi ya huda masa riga. Sunan nan da ya fi kowane sunan dangi yawa a Ingila da Amurka, daga maƙera ya fito, ba daga fada ba. Da can Turawan Ingila ba su gadon sunan dangi. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066 aka fara, kuma kafin shekarar 1400 yawancin gidaje sun samu nasu. Talaka kuwa da me za a kira shi? Sana'arsa, ko sunan ubansa, ko garinsu. Taylor tela ne, Baker mai gasa burodi, Carter mai amalanke. Eh, Jimmy Carter da ya mulki Amurka, sunan mai amalanke yake ɗauke da shi, kuma ba a hana shi kujera don haka ba.

Na san za a ce ai su sana'ar ta ɓace, suna kawai ya rage. To sai me? Wato laifin yaron shi ne har yanzu ubansa na ƙira? Wani kuma ya ce wasa ne. Wasan da ke sa a mayar da kayan gaisuwa da zarar an ji ango ɗan maƙera ne ko ɗan wanzamai, ku riƙe abinku.

Wallahi abin ya taɓa ni. Fartanyar da ta noma hatsin da kuka ci kuka girma, da laujen da ya yanke shinkafar, hannun wa suka fito? Maƙeri. Smith ɗinka.

Af, Thatcher ma, sunan mijin Margaret da ta yi firaministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, mai baibayar ɗaki ne. Har yau akwai gidajen jinka a ƙauyukan Ingila, gyaran rufinsu kuma sai mai kuɗi. Mu kuwa mun yaye jinka mun buga kwano, ga shi zafin bazara na gasa mu, ba wuta ba fanka. Wa ya san mai baibaya na kirki a kusa? Rumfa nake son yi.