Ba kowane kumburin gindin kunne ba ne hangum

A nan Katsina in mutum ya tashi da kumburi a gindin kunne, kafin ya buɗe baki an riga an ce mashi hangum ne. To hangum dai sati biyu ya yi yawa ya sace, kuma yara ya fi kamawa. Amma dattijo ya yi wata takwas da ƙullutu mai tauri, ba zafi ba zazzaɓi, har baki ya fara karkacewa ana cewa iska ce ta buge shi? Haba jama'a. Jijiyar da ke motsa fuska ta cikin tsokar gindin kunne mai samar da yawu ta ratsa, karkacewar baki alama ce da likitoci ba sa wasa da ita.

Yawancin irin wannan ƙari ba kansa ba ne, kada a tada hankalin mutane. Wanda ya zama kansar kuma ba iri ɗaya ba ne, ya haura iri 20, shi ya sa masu bincike suka koma duba ƙwayar halittar ƙarin kowane mutum. A 2018 Amurka ta amince da larotrectinib, maganin sha ne, yana aiki sosai ga masu tawayar ƙwayar halitta mai suna NTRK. A Japan sun jarraba trastuzumab, wanda aka saba ba masu kansar nono, haɗe da wani maganin kansa mai suna docetaxel, a kan waɗanda ƙarinsu ke da yawan sinadarin da ake kira HER2, ƙarin ya ja baya a wajen kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka gwada, har suka amince da shi a 2021. Wani irin ma da maganin kansar mafitsarar maza ake danne shi.

Duk wannan sai an yanki tsokar an kai ɗakin gwaji an gano wane iri ne, in ba haka ba harbi ne a duhu da kuɗi masu ciwo. Nan ne nake ganin ya kamata mu matsa. An buɗe cibiyar kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025, alhamdulillahi, an rage wa mutanen Daura da Mani wahalar hanyar Zariya, amma injin gasa kansa da haske kaɗai ba zai gaya maka wa ke da HER2 ba. A zuba kuɗi a ɗakin gwaji, a horar da masu duba tsoka, a sa gwajin cikin inshorar lafiya.

Wanzamai kuma don Allah, ƙullutun da ya wuce wata ɗaya ku daina yi mashi sakiya, ku tura mai shi asibiti tun tiyata kaɗai za ta iya raba shi da abin.