Bindiga Mai Caji

Bayan isha'i, teburin mai shayi a Agege, gefen titin jirgin ƙasa. A cikin masu zaman nan babu mai lasisin riƙe ko da gwafa, amma in aka ɗauko zancen bindiga sai ka rantse su ke ba hafsoshin soja shawara.

ƊAN ACABA: (yana miƙa waya) Baba Saje, duba abin da Amurka suka fitar. Biofire sunanta. Ba ta tashi sai ta gane yatsanka ko fuskarka. Yaro ya ɗauka ko ɓarawo ya fizge, ta zama banza.

BABA SAJE: (ya nesanta wayar, ya matso da ita) Wannan bindiga ce, ko abin da ake auna mana goshi lokacin korona?

SARKIN BAKA: Yatsa kuma? A zaɓen 2015 na'ura Jonathan ma ta ƙi ganewa, yana kan kujera. Balle ni da dakan magani ya cinye min zanen hannu.

ƊAN ACABA: Sai ta duba fuska, Baba.

BUZU MAI GADI: Fuska? Wato in ce wa ɓarawo ya dakata in warware rawani.

ALHAJI ƊAN CANJI: Ku bar surutu. Nawa take?

ƊAN ACABA: Dala 1,499 suka sa mata da ta fito a 2023.

ALHAJI: (ya zaro kalkuleta) Mu ɗauka dala tana 1,500. Miliyan biyu da dubu ɗari biyu da arba'in da takwas da ɗari biyar. Ban sa kuɗin jirgi ba, ban sa kwastan ba. Yaro, me ke ɗakinka?

ƊAN ACABA: Katifa, fanka, sai wannan wayar.

ALHAJI: To in ɓarawon ya zo ka ba shi duka, ka raka shi bakin titi. Ka ci ribar miliyan biyu.

BABA SAJE: Ai aikin bindiga an gama shi tun 1947. Kalashnikov ya ƙera AK ya rufe ƙofa. Harsashi talatin, ta faɗa taɓo ka ɗauraye ta ka ci gaba. Mu da muka je Laberiya a 1990 mun gani. FN ta Beljiyam muka fara riƙewa, harsashi ashirin, ga tsawo ga nauyi, har yau in hadari ya haɗo kafaɗar nan tana gaishe ni. Amma ƙarfe ce. Yanzu kuwa roba!

ƊAN ACABA: Glock ma jikinta roba ne, kuma 'yan sandan Amurka da yawa ita suke ratayawa.

BABA SAJE: Ka san wanda ya ƙirƙiro ta? Mutumin Ostiriya ne, sandar labule yake ƙerawa kafin ya waiwayi bindiga. Ko waccan Tavor ta Isra'ila da 'yan DSS suke yawo da ita, gidan harsashi a bayan kunama. Bindigar da aka haifa ta ƙafa!

ƊAN ACABA: Don ta gajarta ne, a iya fita da ita daga mota ba ta maƙale ba.

BABA SAJE: Mu da ƙafa muke tafiya.

SARKIN BAKA: Duk ku taru ku ba adaka girmanta. Maƙeri ya yi maka ita a ƙauye, ka ɗura albarushi, ka danna tsumma, ka zuba baƙin ƙarfe, ka tuttura da sanda. Gau ɗaya, daji ya yi tsit.

ALHAJI: In ka kuskure fa?

SARKIN BAKA: Alhaji, don me kake zaton ake ce mata harba-ka-ruga?

BUZU: In ruwa ya jiƙa albarushin?

SARKIN BAKA: Da damina ba ma faɗa da kowa.

BUZU: A Legas ai rabin shekara damina ce.

SARKIN BAKA: Shi ya sa kuka gan ni ina sayar da maganin basir.

BABA SAJE: Ga tamu ta gida ma. DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, tana Kakuri a Kaduna tun 1964, ta yi OBJ-006, AK ce aka raɗa wa sunan Obasanjo. Amma ba ta farar hula ba ce. Dokar 1959 ta raba abin: irin AK sai da izinin shugaban ƙasa, mai baki biyu sai Sufeto Janar, adaka kuma kwamishinan 'yan sanda.

SARKIN BAKA: (ya ajiye kofi) Har adaka?

BABA SAJE: Har ita.

SARKIN BAKA: Tawa tana ƙauye. Ta ƙanena ce ma. Ta lalace.

Alhaji dai tun ɗazu idonsa na kan hoton. In ɗan kasuwa ya yi shiru a majalisa, lissafi yake.

ALHAJI: Yaro, abin da ke gane yatsan nan, da me yake aiki?

ƊAN ACABA: Batir ne, caji ake mata. Sun ce yana daɗewa.

BABA SAJE: Wayarka ma haka suka ce.

BUZU: Mu kwana uku ke nan layinmu babu wuta. Ɓarayi sai su riƙa tambayar NEPA unguwar da za su je.

ALHAJI: Yauwa! Ku riƙe bindigarku, ni cajar nake so. Bakinta siriri ne ko mai faɗi? (ya kara waya a kunne) Salisu! Gobe da sassafe ka shiga Computer Village ka ji min farashin caja, katan ɗari. Ka kuma sa a rubuta allo: ana cajin waya ɗari biyu, bindiga dubu ɗaya.

MAI SHAYI: Alhaji, tunda harka ta buɗe, akwai shayi uku da Indomie tun shekaranjiya.

ALHAJI: Haba Malam Sule, ka bari kwantena ta iso mana.