Jarumin da ya zama alƙali kuma ya zama hauni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwana, akwai wani nau'in fim da ya cika kasuwa a 'yan shekarun nan, daga na Amurka har zuwa na Indiya da Koriya, wanda jaruminsa ba mutumin kirki ba ne, kuma masu shirya fim ɗin ba su ɓoye mana hakan ba. Yana ƙarya, yana shan giya, yana azabtar da duk wanda ya faɗo hannunsa. Sai dai tun a mintunan farko an riga an nuna mana cewa an kashe masa mata ko 'ya, ya kai ƙara an wulaƙanta shi, alƙali ya karɓi toshiyar baki, mugun kuma ya fito daga kotu yana murmushi. Daga wannan murmushin zuciyar mai kallo take sallama wa jarumin duk jinin da zai zubar har fim ya ƙare.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wani dare da na zauna kallo tare da ƙanena, yaro mai sanyin hali wanda ko yanka kaza ba ya iya tsayawa ya gani. Jarumin ya isa gidan bos, ya soke mai gadin ƙofa a cikin ƙiftawar ido, kyamara ta wuce ba ta ko waiwayi gawarsa ba. Da ya kama bos ɗin sai ya ɗaure shi a kan kujera, ya tuttula masa fetur, ya tsaya yana juya ashana a tsakanin yatsunsa. Nan ƙanena ya miƙe tsaye yana cewa, "Ƙona shi! Ƙona shi!" Na buɗe baki zan tsawata masa, sai na iske zuciyata ma abin da take faɗa ke nan. Na kwana da tsoron wannan abin, domin mun san cewa Manzon Allah (SAW) ya ce babu mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta, ga shi kuma awa biyu kacal ta isa ta sa mu yi wa ƙona ɗan Adam tafi.

Ba zan ce son waɗannan fina-finai ya fito daga mugun hali ba. Tushensa ƙin zalunci ne, wanda Allah Ya halicce mu da shi, kuma Shi da kansa Ya faɗa a Suratush Shura, aya ta 41, cewa wanda ya rama bayan an zalunce shi babu hanyar zargi a kansa. Duk wanda aka taɓa danne masa haƙƙi ya san daɗin ganin azzalumi ya faɗi. Ta wannan ƙofa mai kyau fim yake shigowa, sannan ya shigo da abin da ba mu lura da shi ba.

Yaudara mafi girma a cikinsa ita ce yaƙini. Darakta ya ba mu ido wanda babu wani mahaluki da yake da irinsa a rayuwa: mun shiga ɗakin da aka yi kisan, mun ga fuskar makashin, mun ji abin da ya ƙulla a asirce. Saboda haka idan jarumin ya yi watsi da shaidu da alƙali, sai mu ga kamar ya tsallake ɓata lokaci ne kawai. A waje kuwa abin da mutum yake riƙe da shi yawanci zato ne, da "an ce", da guntun bidiyo na daƙiƙa talatin wanda ba mu san farkonsa ba balle ƙarshensa. Ku dubi yadda jama'a suke rubutu a ƙarƙashin hoton wanda ake zargi a Facebook, ɗaruruwan mutane suna cewa a kashe shi alhali ko sunansa ba su tabbatar ba, za ku gane cewa halin mai kallon fim ya biyo mu har cikin al'amarin rayukan mutane na gaske. Allah kuwa Ya umurce mu a Suratul Hujurati, aya ta 6, da mu yi bincike idan fasiƙi ya zo mana da labari, don kada mu cuci wasu mutane a kan jahilci mu wayi gari muna nadama.

Ku tuna da Sa'adu ɗan Ubada, sahabi kuma shugaban ƙabilar Khazraj ta Madina, mutum mai tsananin kishi. Imam Muslim ya ruwaito cewa ya tambayi Annabi (SAW) ko idan ya iske wani namiji tare da iyalinsa zai ƙyale shi har sai ya kawo shaidu huɗu, Annabi ya amsa masa da cewa eh. Sa'adu ya rantse cewa shi takobi zai gaggauta masa kafin haka. Annabi bai ƙaryata kishinsa ba, ya ma ce shi ya fi Sa'adu kishi, Allah kuma Ya fi shi, amma hukuncin bai canza ba. Idan wanda ya gani da idonsa ba a ba shi damar zama mai ƙara da alƙali da hauni a lokaci guda ba, ina ga wanda ya ji a bakin wasu?

Sannan akwai maganar iyaka. Jarumin fim an kashe masa mutum ɗaya, shi kuma ya kashe hamsin, kuma babu wanda yake tambayar ko mai gadin nan da aka soke a bakin ƙofa yana da uwa mai jiran dawowarsa. Allah Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 33, wanda aka kashe bisa zalunci Ya ba waliyyinsa iko, amma kada ya wuce gona da iri a wajen kisa. Larabawan jahiliyya sun ɗanɗana abin da wuce iyaka yake haifarwa. Masu tarihinsu sun ruwaito cewa yaƙin Basus tsakanin Bakr da Taglib, ƙabilu biyu 'yan uwan juna, ya samo asali ne daga taguwa guda da Kulaibu ya harbe, Jassasu ya kashe shi a kanta, Muhalhilu ɗan uwan Kulaibu ya tashi neman fansa, aka shafe kusan shekara 40 ana zubar da jini. Har an ruwaito cewa da Muhalhilu ya kashe wani saurayi mai suna Bujairu, wanda gidansu ba su shiga yaƙin ba, sai ya ce jininsa a bakin igiyar takalmin Kulaibu ne kawai. Irin wannan jarumta ce Annabi (SAW) ya taka da ƙafarsa a huɗubar hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan hijira, inda ya soke duk jinin jahiliyya, ya kuma fara da jinin ɗan gidansu, wato ɗan Rabi'atu ɗan Harisu, wanda Huzailawa suka kashe.

Ƙisasi da Allah Ya ce akwai rayuwa a cikinsa, a Suratul Baƙara aya ta 179, wani abu ne daban. Ana tabbatar da laifin da shaida ko iƙirari, ana tsayawa a kan wanda ya aikata shi kaɗai, magada kuma suna da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa. Imam Ƙurɗubi ya faɗa a tafsirinsa cewa babu saɓani a kan cewa shugabanni ne kaɗai suke zartar da ƙisasin kisa. A waɗannan fina-finai kuwa an toshe ƙofar diyya da ta afuwa, har yaranmu suna tasowa da ganin mai yafiya a matsayin rago.

Na san wani zai ce, "To, idan kotun ce ta ci amana fa?" Wannan ciwo ne na gaske, ba na raina shi, kuma ba na cewa a naɗe hannu. A ci gaba da bin haƙƙi ta kowace halastacciyar hanya, a ɗaukaka ƙara, a ba da shaida ko da akwai tsoro, a tsaya tare da wanda aka zalunta har ya samu abin da yake nasa. Wanda duk ƙofofi suka rufe masa kuwa, yana da addu'ar da babu shamaki tsakaninta da Allah, yana kuma da alkawarin cewa jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar alƙiyama. Lalacewar alƙali ba ta mayar da zatona hujja, ba ta kuma halatta mini jinin wanda bai taɓa ni ba.

Shi ya sa nake roƙon iyaye da yayye, idan kun ga na ƙasa da ku yana tafa wa irin wannan jarumi, ku zauna ku tambaye shi ta yaya jarumin ya sani, kuma laifin me mai gadi ya yi. Ku ba shi labarin Sayyidina Aliyu, wanda Ibn Muljam ya sare shi da takobi a masallacin Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40 bayan hijira. Yana kwance jini na zuba, an kama wanda ya sare shi a gaban jama'a, babu shakka ko kaɗan a kan laifinsa, amma ya yi wasiyya cewa a ciyar da fursunan, a kyautata tsaronsa, idan ya rayu shi ya san yadda zai yi da shi, idan kuma ya rasu a yi masa sara ɗaya a madadin sara ɗaya, kada a yi gunduwa-gunduwa da gawarsa, kada kuma a kashe kowa ban da shi.