Binciken ƙananan abubuwa ba ɓata kuɗi ba ne

Sau da yawa za ka ji ana cewa masanan da ke bin yadda elektaron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, ke ratsa abin da ido ba ya gani, ɓata kuɗi kawai suke yi. Masu faɗin haka suna da uzuri, domin aikin a ɗakin gwaji ake yinsa, amfaninsa kuma ba ya fitowa nan take. Sai dai maganar ba haka take ba.

A 1988, Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa da nasa gwajin, suka jera siraran shimfiɗu na ƙarfe da kuromiyam (wani nau'in ƙarfe), kaurin kowace bai wuce 'yan nanomita ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Kowane elektaron yana da ɗan maganaɗisunsa. Idan maganaɗisun shimfiɗun ya fuskanci gefe ɗaya, elektaron masu irin wannan fuska sukan wuce salin-alin, lantarki ya gudana sosai. Idan shimfiɗun suka saɓa, sai elektaron su yi ta watsuwa, gudun ya ragu.

Da wannan bambanci aka samu hanyar karanta bayanai daga faifan ajiya na kwamfuta, wanda ke ajiye su ta hanyar maganaɗisu. Kamfanin kwamfuta na IBM ya fara sayar da irin wannan faifai a 1997, wurin ajiya ya yi ta ƙaruwa, farashi yana sauka. A 2007 mutanen biyu suka karɓi kyautar Nobel.