Kai ɗalibai bakin teku: a bar ruwa ya tsara lokaci

Malamai da shugabannin makarantu, idan za a kai yara gandun daji na ƙasa da ke bakin teku, a fara da jadawalin cikowa da janyewar ruwa kafin a tsayar da rana. A yawancin gaɓoɓi ruwa na cikowa sau 2 ya janye sau 2 a yini, kuma kowace rana lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ruwan ya fi ja baya sosai a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A nan ne duwatsu da ƙananan kududdufai ke fitowa fili, cike da ƙaguwa da dodon koɗi da ƙananan kifaye. In aka iso ruwa ya cika, yara za su ga igiyar ruwa kawai su koma gida.

A iso awa ɗaya kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa. A raba yara rukuni-rukuni, babba ɗaya ga yara 6 zuwa 8, domin malami ɗaya da yara 40 a kan dutse mai santsi ganganci ne. Kowane rukuni ya miƙa igiya mai tsawon mita 10 daga sama zuwa bakin ruwa, ya ajiye firam mai faɗin santimita 50 a kowane mita 2, ya ƙirga abin da ke ciki ya rubuta. Da kansu za su gano cewa halittun da ke sama sun fi jure bushewa. Wannan ya fi jawabin awa guda amfani nesa ba kusa ba.

Duk dutsen da aka ɗaga a mayar da shi yadda yake, don abin da ke ƙarƙashinsa rana na kashe shi. Kada a kwashi ɓawon koɗi, wata ƙaguwar a cikinsa take zama.

Ba iyo, ko da wurin ya yi kamar ya kwanta. Sau da yawa wurin da babu kumfa tsakanin igiyoyi, nan ne ruwa ke ja da ƙarfi zuwa ciki. A sa babba ɗaya aikinsa kawai kallon teku, domin ruwa mai cikowa kan zagayo ta baya ya datse hanyar fita. Takalmi rufaffe, hula, da ruwan sha aƙalla lita ɗaya ga kowane yaro. A ƙirga su kafin sauka da bayan hawa mota.