Zuwa ga mai sabuwar malafa

Wani dai ya je Amurka ya yi 'yan kwanaki, ya dawo da malafar makiyayan can da hoto a gaban ƙahon barewa, shi ke nan mun shiga uku. Kullum rubutu ɗaya: wai a miƙa gandayen daji irin su Yankari da Falgore ga masu jari, a naɗa "mutanen da suka san kasuwa" su shugabanci hukumar namun daji, wai haka ake yi a can. Ban kira suna ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Malam, da ka ɗan tsaya ka tambayi mafaraucin da ba shi da tebur a wurin liyafar da aka gayyace ka, da ya gaya maka cewa a dokar ƙasarsu namun daji na jama'a ne, amana ce a hannun gwamnatin jiha. Kuɗin kula da su daga lasisin farauta na talaka yake fitowa, da harajin bindiga da harsashi da aka keɓe wa wannan aiki tun 1937. Gwamna ke naɗa 'yan hukumar, kuma ta wannan ƙofar masu kamun ƙafa ke shiga. Ba sa cewa a sayar musu da daji, wa zai yarda? Kujera suke nema wa nasu, sauran aikin biro ne.

Baje kolin farauta na Salt Lake City, babban birnin jihar Utah, wanda kake ta ɗora hotunansa, ai shi ne abin da ake ta cece-kuce a kai. Jihar Utah kan ware lasisi 200 daga rabon jama'a ta ba ƙungiya mai zaman kanta ta yi ƙuri'a a kansu, a 2015 dala 5 ake biya kowace takardar nema. A shekarar wata ƙungiyar mafarauta, Rocky Mountain Elk Foundation, ta nemi kwangilar, ta ce duk kuɗin zai koma aikin kare daji. Aka hana ta, aka bar wa wata ƙungiyar, Sportsmen for Fish and Wildlife, wadda ta daɗe tana shiga da fita a ofisoshin jihar. A wannan baje kolin aka yi gwanjon izinin harbin barewa ɗaya tak a tsibirin Antelope kan dala 410,000 a 2016. Gaskiya ne, mafi yawan kuɗin gwanjon kan koma aikin daji, ban ɓoye ba. Amma wanda ya shekara goma yana jiran ƙuri'a ta faɗo kansa yana kallo mai kuɗi ya wuce shi da takardar banki.

Alaska kuwa na san ba za ka so a taɓo ta ba. A 2010 aka ɗora wani na kusa da reshen ƙungiyar Sportsmen for Fish and Wildlife a kan sashen kula da namun daji, tsofaffin ma'aikata masana suka rubuta takardar koke. Bai cika shekara biyu ba ya ajiye aiki a Janairun 2012, bayan an tuhume shi da karya dokar farauta a wata farautar beyar. Mai gadin rumbu aka kama da tsaba a aljihu.

A Montana mutane sun fita sun jefa ƙuri'a a 2010 suka soke lasisin da ake tanadar wa masu sana'ar yi wa baƙi jagorar farauta. A Wyoming mafarauta huɗu daga Missouri sai da suka ɗauko tsani suka kafa a kusurwar da filayen gwamnati biyu suka haɗu, suka haura ta sama don kada ƙafarsu ta taɓa ƙasar wani attajiri mai katafaren fili. Duk da haka ya maka su a kotu yana neman miliyoyin daloli. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a Maris na 2025. Wannan labarin bai shiga jakarka ba da za ka dawo?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin da ƙaunar giwa ta kama ka. Shekaru muna tare a fagen nan, ba ka taɓa tambayar albashin mai gadin daji da ke kwana da tsohuwar bindiga yana fuskantar 'yan farautar sata ba, ba ka taɓa zancen manomin da giwaye suka tattake masa gona ba. Sai yanzu da ake raɗe-raɗin naɗe-naɗe, sai ga ka a kowane ɗaurin aure na manya, da babbar riga da ambulan a hammata.

Nemi kujerarka, halak ne, Allah Ya ba mai rabo. Amma idan za ka sake rubutu, fara da sunayen masu jarin da suka biya maka kuɗin jirgi, da kadada nawa kowannensu ya sa wa ido.