Ranar da na yi safiyon kogo a Birnin Kudu

Da rani na kai ziyara Birnin Kudu a Jihar Jigawa domin in ga zanen shanun da mutanen dā suka bari a jikin Dutsen Mesa. A hanyar dawowa idona ya faɗa kan wani ɗan kogo wanda bakinsa bai fi ƙofar akurki ba, kuma da yake na taɓa yin wata uku ina riƙe wa masu safiyo tef a wurin yankan filaye, sai zuciyata ta raya mini cewa ni aka jira in fitar da taswirarsa.

Washegari na dawo da tef mai mita 30, da kamfas, da tocila, da littafi, da ƙanena. Na ba shi bakin tef ya riƙe a waje, ya ce, "Yaya, in wani abu ya kama ka, ni dai gida zan kai labari."

Na shiga da rarrafe, daga baya na koma jan ciki a kan kashin jemage mai laushi kamar garin tuwo, wanda warinsa ya sa idona hawaye. Duk bayan ɗan motsi sai in tsaya, in haska kamfas, in rubuta alkibla, ban kuwa tuna ba cewa ƙarfen tocila da batirinta suna jan allurar kamfas, abin da aka sha faɗa a gabana. Saboda haka kogon da ya miƙe sak ya fito a takardata a naɗe kamar gammo.

Ina cikin mamakin wannan gagarumin bincike hasken ya tayar da masu gida. Jemage guda ya mare ni da fiffike, na kurma salati, na ƙwala ƙeya da dutse, na saki tef, na yi gaba da saurin ƙadangare har na faɗo waje ta bayan dutsen, furu-furu da ƙura.

A can na tarar da ƙanena zaune tare da wani yaro makiyayi suna tsotsar aduwa. Yaron ya ce awakinsa kullum ta nan suke ratsawa in rana ta yi zafi, kuma in an bi ta waje taku 12 ne. Littafina kuwa ya ce mita 41, alhali rabin tef ɗin ma bai warware ba. Tun daga ranar, ko aiken cefane Inna za ta yi mini, sai ta ce a kira mata Injiniya.